Hannun Rigar da Kano ta Daina Yayi

Ko me zan manta a zamana na Greensboro, can ƙasar waje, ban da ranar wani suna a gidan wata Hajiya a gabashin gari. Farkon shekarun tamanin ne, ina digiri na biyu a fannin tufafi, ina rubutu a kan zanen kwalliyar matan Faransa na farkon ƙarni na sha tara. Hotuna ne da ake bugawa a mujalla, a shafa musu launi da hannu: mace cikin farar riga mai ɗamara a ƙarƙashin ƙirji, ta rataya mayafin Kashmir a hannu. Daga Faris ake aika su garuruwa masu nisa, matan can su kai wa tela.

Farfesata ta sha tambayata, wane aiki hoton yake yi wa mai kallonsa? Ni kuwa mai tsoron kuskure ce, sai in ce wataƙila jagora ne ga teloli, ko da yake ban tabbata ba. Sai ta girgiza kai.

A wajen matan Hausawan garin kuwa ni ce gwana. Yayata takan aiko mini hotunan biki daga Kano, in zana samfurin, su zo ɗakina su kwafa. Suna ce mini 'yar boko. Ina jin na fi son matsayin nan fiye da yadda na nuna.

Ranar sunan duk mun sha ankon riga mai kumburarren hannu, zanena. Sai ga wata amarya, matar wani ɗalibi, ba ta daɗe da sauka daga Kano ba. Rigarta sakakkiya ce, hannun ya zubo har wuyan hannu.

Hajiya ta ce, "Amarya, juyo mu gani! To namu fa, ya yi irin na gida?"

Yarinyar ta yi dariya, ba da mugunta ba. "Wallahi Mama, kun tuna mini da bikin yayarmu. Ai wannan hannun tun ina sakandare aka bar shi."

"Ashe tarihi 'yar boko take ɗinka mana!" in ji wata, falo ya ɗauki shewa.

Suka kewaye ta, wannan ta taɓa yadin, waccan ta auna hannun da taƙi. Ni ina bakin kicin riƙe da farantin dafa-duka, ina bin ɗinkinta da ido ko zan ga inda ya karkace. Ban samu ba. Na ajiye farantin. Daga ranar ɗakin amarya aka koma.

Da na koma laburare na buɗe hotunan, ban ga matar da aka zana ba. Wadda ke riƙe da takardar na gani, can nesa da Faris, ta gama ɗinki da murna alhali an riga an wuce wurin. Na ce wa farfesata aikin hoton shi ne ya sa mai kallo ta ji an bar ta a baya. A karon farko ban ce wataƙila ba.

Bayan shekaru wata sabuwar amaryar ta iso da nata yayin. Ta farkon ta zo ta tsaya kusa da ni a bakin kicin, ta ce, "Anti, ke ma kin ga gindin zanenta bai daidaita ba?"

Na duba, lafiyarsa ƙalau. Na miƙa mata faranti.

Abin da na koya shi ne yayi ba don rufin jiki ake yin sa ba, ma'aunin nisanka da gida ne, kuma duk wadda aka kewaye yau, akwai wurinta a bakin kicin.