Soson da bai taɓa ruwan rijiyar ba

Shekarun baya ne, can wajen ƙarshen mulkin soja, ban daɗe da gama karatun kimiyya a Yamai ba aka turo ni gida Birnin Konni, buro, wato ofishin aikin gona. A lokacin ni mutum ne da ko an tambaye ni ƙarfe nawa sai na ce "wataƙila". Har yau ban warke duka ba.

Cikin damina awaki suka mutu a wani ƙauye kusa da Tsarnawa bayan sun sha ruwa a kwamin rijiyar gari. Wata mata ta ce ta ga wani manomi yana wanke famfon feshin audugarsa a bakin rijiyar. Shi kuma ya rantse a tabki ya wanke. Maigari ya sa aka rufe rijiyar da ƙaya, ya ce idan likitocin ruwa suka ga guba a ciki, da hannunsa zai miƙa mutumin ga jandarma. Likitocin ruwan kuwa ni ne.

Na'urar da ke gane maganin ƙwari cikin ruwa tana Yamai, wajen wani abokina da muka yi lakwal, wato makaranta, tare. Aika masa ruwa da yawa cikin kwalabe a motar haya, ga zafi ga gargada, ba abu ne mai yiwuwa ba. Sai ya tuna mini da dabarar soso da muka koya. Soson katifa cike yake da ƙananan ramuka. Idan ka tace ruwa ta cikinsa sannu a hankali, ruwan zai wuce, maganin kuma ya maƙale. Sai ka aika soson kawai, can su matse shi da sinadari su auna abin da ya fito. Sharaɗi ɗaya ne: soson ya zama tsarkakakke kafin ya taɓa ruwan.

Na sayi guntun katifa sabo a kasuwa, na yanka shi gunduwa-gunduwa kamar babban yatsa, na wanke da sinadarin aseton har hannuna ya yi fari. Sai batun shanya. Buronmu yana manne da ɗakin da ake ajiye maganin feshi, warinsa har cikin riga. Na ce a'a, ni mai hankali ne, gida zan kai su. Na shimfiɗa su a kan faranti a tsakar gida, na ce wa mahaifiyata don Allah kada kowa ya taɓa.

"Wa zai taɓa maka wannan tarkace?" ta ce. "Shekara huɗu a Yamai, ashe yankan katifa aka koyo."

Washegari na tafi ƙauyen. Na cusa soso cikin bututun gilas, na riƙa zuba ruwan rijiyar yana ɗiga, rabin gari na kallona. Manomin yana tsugune a gefe, ba wanda ya zauna kusa da shi. Da na gama ya matso, ya kira ni yadda ake kiran ma'aikatan gwamnati a wajenmu.

"Mushe, mi ka gani?"

Na ce ba a gani da ido, sai an kai Yamai.

"To ka ce musu ina da ɗiya bakwai, kuma wagga rijiya suke sha."

Soso biyu na tace ruwa da su. Na uku kuwa ban sa masa komai ba, na rufe shi a kwalbarsa yadda yake. Shi muke kira shaida: idan ya fito babu komai, to duk abin da aka gani cikin sauran daga ruwa ya zo.

Na aika su Yamai. Kwanakin jiran nan ban ji daɗin abinci ba. Ranar da aka kira ni gidan waya, abokina bai ko tsaya gaisuwa ba.

"Akwai magani a biyun nan," ya ce. "Akwai shi kuma a shaidar. Kusan daidai da su."

Na koma buro. Shugabana ya saurara, ya ce biyu sun nuna guba, maigari na jira, mata na tafiya mai nisa neman ruwa, mu ba su amsa. Ba mugun mutum ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa. Na ce, cikin in'ina, wataƙila akwai guba a rijiyar, wataƙila kuma babu. Abin da na sani kawai shi ne soson da bai taɓa ruwa ba yana ɗauke da ita, don haka ba zan iya sa hannu ba.

"Kai da wataƙilarka," ya ce. "To je ka faɗa wa maigari da bakinka."

Kafin in tafi na biya gida, na tambayi mahaifiyata ko wani ya matsa kusa da farantin.

"Ba wanda ya taɓa. Hadari ne ya taso kana buro, na shigar maka da su ɗakin ajiya, da ya wuce na mayar. Ko godiya ba ka yi ba."

Na leƙa ɗakin. Buhunan waken bara ne a jere, kowanne an barbaɗe shi da farar hodar nan da kowane gida ke sa wa wake don ƙwari. A kan buhu ta ɗora farantin. Soso kuwa ba ya tambayar inda magani ya fito, ko ruwa ko iska, sha yake yi. Na gudu daga warin buro na kai su gidan da ya fi shi.

Maigari bai ji daɗin zuwana ba. Ya ce an turo masa mai ilimi, mai ilimin kuma ya zo ya ce bai sani ba. Na roƙi ya ƙara haƙuri, kada ya kira jandarma tukuna. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce to, amma sau ɗaya.

Na sake komai daga farko. Wannan karon cikin tukunyar gilas mai murfi na busar da su, a ɗakin wani malamin lakwal da ba ya noma. Amsa ta zo: shaida babu komai, sauran ma babu komai. Na gaya wa maigari cewa iya abin da na'urar ke iya gani, ba a ga maganin feshi a ruwan ba. Abin da ya kashe awakin ban sani ba, kuma har yau ban sani ba.

Aka janye ƙayar. Manomin ne ya fara jefa guga, ya sha a gaban kowa, ya ba ƙaramar ɗiyarsa.

Har yanzu idan na tuna cewa saura kaɗan in bar soso na ukun don in rage wa kaina aiki, sai in gode wa Allah. Mahaifiyata kuwa, Allah ya jiƙanta, har ta rasu tana ba baƙi labarin ranar da ta ceci katifar ɗanta daga ruwan sama, ya rasa bakin godiya. Ban taɓa gyara mata labarin ba.