Bas Ɗin Ta Tsira, Baba Sannu-Sannu Ya Tafi

Da yawanmu mun ɗauka mota mai kyau ita ce wadda za ta yi karo ta fito ba ta lotsa ba. Wannan kuskuren ne ya zama ajalinka, Baba Sannu-Sannu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga wata, da hantsi, bayan ka sauke yara a makarantarmu, taya ta fashe maka, bas ɗin ta daki ginshiƙin gada. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Shekara goma sha huɗu kana jigilar ɗalibanmu. Su suka laƙaba maka sunan nan, don ko mai keke yakan wuce ka. In sun yi ƙorafi sai ka ce, "Ku yi haƙuri 'ya'yana, makarantar ba guduwa za ta yi ba." Ba ka barin ƙofar gida sai ka ga ɗan mutane ya shige.

Don su ne ma bara ka kai bas ɗin wurin mai walda, aka ɗaura mata ƙarfe mai kaurin cinya a gaba. Ka kira ni kana murna: "Malam, zo ka gani! Yanzu ko katanga ce sai ta ba mu hanya." Ni da nake koyar da kimiyyar motsi, dariya na yi na wuce aji. Dariyar nan tana ci na har yau.

Ga abin da ban gaya maka ba. Mota in tana tafe, nauyinta da gudunta sai sun ƙare a kan wani abu. Da gangan ake ƙera gabanta ya lotsa, don lotsawar tana jan lokacin tsayawa, kuma gwargwadon jan lokacin, gwargwadon raguwar bugun da zai iso jikin mutum. Ƙarfen nan ya ƙi lanƙwasa, bas ɗin ta tsaya cak, ƙirjinka ya karɓi abin da ya kamata ƙarfe ya shanye.

Abin takaici, a wurin gaisuwa na ji dattawa suna cewa, "Kai, motar nan ƙarfe ce! Fitila kawai ta fashe." Haba dattawa, kuna yabon ƙarfe, matarsa na kuka a ciki? Har an yanke cewa za a sauya fitila a mayar da ita hanya ranar Litinin, da ƙarfen nata, da yara talatin a ciki. Na yi shiru sau ɗaya. Wallahi ba zan sake ba.

Allah ya jiƙanka Baba, ya yafe maka, ya sa Aljanna makoma. Ya ba matarka Inna da 'ya'yanka biyar haƙurin rashi.

Ku kuma iyayen yara, kada ku yarda da maganata haka nan. Ku ɗauki ƙwai biyu, ku saki ɗaya a kan katifa, ɗaya a kan siminti. Sannan ku zo mu yi maganar Litinin.