Bulo Mai Huda na Gidan Baba

Gidan da Baba ya gina a Kazaure bai yi kama da na kowa ba a unguwarmu. Rufinsa na kankare ne a shimfiɗe, ga tagogin luba masu jeren gilasai da ake ɗagawa, ga doguwar katangar baranda ta bulo mai huda, wadda iska ke ratsawa ko rana ta take. Baba da kansa ya zana hudar.

Da aka raba gado na samu ɓangaren gabas, yayana ya samu na yamma. Ba a yi sati biyu ba na ji ƙarar guduma, na fito da gudu, na tarar ya sa leburori suna rushe katangar ɓangarensa.

"Yaya, don girman Allah ka bar katangar nan, hannun Baba ne."

"Ke dai kin cika ƙauyanci," in ji shi. "Wa zai zauna a gidan tantabara?"

Gidan tantabara! Leburori suka kwashe da dariya. Wallahi tun ranar na ƙullace shi.

Ya sa aka zubar da bulon a kwazazzabon bayan gari. Na ɗauki mai amalanke, na shiga ramin da hijabina, na tsince duk wanda bai fashe ba. Wani tsohon magini daga Roni ya kankare su ɗaya bayan ɗaya. Muka liƙe rufi inda yake yoyo, muka bar luba yadda take, muka ƙara ɗaki da baranda ta baya da bulon, tsayi daidai da na Baba. Shi kuwa Yaya ya toshe ko'ina, ya sa gilashi da na'urar sanyaya ɗaki.

Bazara ta shigo, aka ɗauke wuta kwana da kwanaki. Rannan bayan azahar sai ga sallamarsa, riga sharkaf da gumi. Na shimfiɗa masa tabarma a sabuwar baranda, na kawo ruwan randa. Ya sha, ya yi ajiyar zuciya, ya ƙura wa katangar ido.

"Ina kika samo irin wannan? Har Babura na nema, an ce an daina bugawa. Ko akwai saura?"

"Naka ne, Yaya, a rami na tsinto. Saura kam babu. Sai dai ka riƙa zuwa gidan tantabara shan iska."

Akwai saura, suna sito, na lulluɓe su da buhu, sun isa ya tada 'yar katanga tsaf. Allah ya yafe mini, ko ɗaya ban ba shi ba. Duk bazara ni ke shimfiɗa masa tabarma.