Tankin da Na Kai Gwangwan

A shekarun da nake aikin sito a titin Wendover na birnin Greensboro, ina da wata tsohuwar akori-kura da nake kwasar gwangwan da ita ranar Asabar. Duk gabashin Greensboro mutanenmu sun san ni: wanda firjinsa ya mutu, wanda injin wankinsa ya ƙi, ni ake kira. Gajiya kuwa ba a magana. Kwana biyar ɗaukar kwali, na shida ɗaukar ƙarfe, ran Lahadi in kwanta kamar an yi mini duka.

A siton akwai wani Bature mai tuƙa motar ɗaga kaya, ya ba hamsin baya, gashinsa har kafaɗa duk furfura, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. Tare muke cin abincin rana a bakin ƙofar lodi. A nan ya gaya mini da can makaɗi ne, su huɗu suka zaga ƙasar nan suna wani irin kiɗa mai ƙarar masana'anta. Ya taɓa sa mini faifansu a mota. Wallahi na ɗauka injin ne ya lalace, amma don kunya na ce da daɗi.

Sun daɗe da watsewa, sai ga mawaƙinsu ya kira shi wai su dawo. Duniyar kuwa ta canja musu. Kamfanin da ya buga faifansu babu shi, shagunan faifai suna ta rufewa, yara a intanet suke sauke waƙa. Ba wanda ya neme su, su da kansu suka kama wani ƙaramin zaure. Ni ban ga abin murna a ciki ba, amma mutumin nan da ba ya dariya ya koma fito yana aiki. Ya ce abin da yake so kawai ya sake yin kiɗa a gaban mutane kafin ciwon bayansa ya gama da shi.

A rumbun dawakin yayarsa da ke Summerfield za su riƙa gwaji, kuma rumbun cike yake da tarkace, sai ya roƙe ni in je in kwashe. Ranar Asabar ɗin aka sa shi ƙarin aiki, yayar tasa ce ta buɗe mini, ta ce in ɗebe duk shirgin da na gani, ita ta gaji da kallonsa. Na san makaɗi ne, don haka na duba ko zan ga ganga in keɓe ta. Ban ga fata ba, ban ga sanda ba. Abin da na gani shi ne tayoyi, waya, da wani tankin mai duk tsatsa, ya lotsa ta ko'ina. Da ƙyar na hau da shi mota, ina yaba wa kaina ƙwazo. Har shara na yi musu kafin in tafi.

Rashin sani ya fi dare duhu. Ashe tankin nan shi ne gangar tasa. Shekara da shekaru yana dukansa da guduma, kowace lotsawa da irin sautinta, kuma shi ne ƙarar da na ji a faifan.

Ran Litinin ya tambaye ni inda na ajiye shi. Na bar aiki na garzaya wurin masu sayen ƙarfen da na sayar wa da shi, suka nuna mini tulin da injin ya riga ya murƙushe. Na dawo na gaya masa. Na so ya zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Sai ya naɗe sauran burodinsa, ya ce ba laifina ba ne.

Mako biyu ina yawon neman tanki, na kai masa har guda uku. Kowanne sai ya buga sau ɗaya, ya karkata kunnen da ke ji, ya girgiza kai. Na fara jin haushinsa ma, ina cewa a raina tanki ai tanki ne, malam. Mawaƙin nasu ne ya kashe maganar. Ya ce sautin yana nan a tsohon faifai, za a ɗebo shi a zuba a kwamfuta, dama shi ya gaji da tunanin wanda zai riƙa ɗaukar wancan jibgin.

Na je wasan, don ba ni da fuskar ƙin zuwa. Mutanen ba su cika rabin zauren ba, yawancinsu masu sanƙo da tumbi, wasu sun toshe kunne da auduga. Mutumina yana can baya a tsaye gaban wani tebur, yana taɓa wani faifan roba da yatsa, ƙarar tankinsa tana fita daga lasifika. Wannan hannun nasa kamar faranti, ya rasa inda zai sa shi, ɗaya a aljihu. Mutane sun yi tafi. Ni dai na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ji kunyar kaina.

Da muka zauna cin abinci ran Litinin na yi masa barka. Ya ce sauran sun ji daɗi, har an gayyace su wasu garuruwa biyu. Na tambayi yaushe za su tafi.

"Su za su tafi," in ji shi. "Sun ce kada in wahalar da bayana, kwamfutar ta iya."

Sai haƙuri nake ta ba shi. Ya miƙe yana dafe da ƙugu, har ya kai wurin motarsa ya juyo.

"Abokina, ka biyo ran Asabar. Akwai gudumomi shida a ɗakina, su ma ƙarfe ne."

Na ce masa motata ta lalace. Ƙarya na yi, kuma ya sani, don a gabansa na tayar da ita da aka tashi aiki.