Malam Ganiyu Mai Raba Magana

Ranar Asabar, 14 ga Maris 1987, Allah Ya karɓi ran Malam Ganiyu Ayinde a gidansa da ke Funtua, bayan gajeriyar jinya.

Malam Ganiyu, kai ne mai riƙe da rediyon oba-oba na kamfanin sayen auduga da muke wa aiki. Layi ɗaya tal muke da shi, mu malaman awo na Dayi da Tsiga da Maska, kuma in mutum biyu suka danna maɓallin magana tare, ba a jin komai sai kukan kwaɗi. Da ka lura gaisuwa ce ke cinye rabin yini, sai ka haramta ta. Kullum da safe kai kake gaisawa a madadin kowa: "An kwana lafiya, iyali lafiya, babu gajiya. Dayi, faɗi abin da ya kawo ka." Mun yi fushi, har muka ce ɗan Yarbawa ya zo kashe zumunci, alhali a Funtua aka yanke maka cibi.

Dokarka ta biyu ita ce kowa ya saki maɓalli duk sa'ad da zai ja numfashi, ko akwai mai lalura. Sanda, malamin awo na Tsiga, kuwa Allah Ya hore masa dogon numfashi. Wata damina yana kan layi yana siffanta jakinsa da ya ɓace, sai tari ya sarƙe shi. A wannan ɗan tsakanin ka tsinci muryar Ɗanasabe daga Maska, matarsa Hajjo na naƙuda ta galabaita. Ka ce, "Tsiga, jaki ya jira." Nan take ka tura motar kamfani, aka kai ta asibiti da rai. Ɗanasabe ya rantse zai yi maka takwara, sai aka haifi mace. Sunanta Rabi'atu, amma duk Maska Oba-oba ake kiranta.

Yawancinmu muryarka kawai muka sani. Mun zo jana'iza muna zaton ƙato za mu ɗauka, muka iske ɗan tsurut ɗin mutum. Makara ba nauyi, ƙafafunmu ne suka yi nauyi.

Muna miƙa ta'aziyya ga uwargidanka Hajiya Silifat da 'yarka Morenike da dukan dangi. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba mu haƙurin shirun da ka bar mu da shi. Amin.