Kande Mai Soso da 'Yar Farinta

A Ƙofar Gayan in ka tambayi gidan marigayi Malam Nasidi mai ɗinkin hula, sai a yi ta kallon juna ana tunani. Amma ka ce gidan Kande mai soso, kafin ka rufe baki an nuna maka. Katangar gidan ma ta isa shaida, don da damina ba ka ganin ƙasar ginin, yaɗon soso ya lulluɓe ta, furanni ruwan ɗorawa sun leƙo har lungu.

Kande ba 'yar birni ba ce. Daga wani ƙauye a bayan Kufena aka kawo ta, da 'yan kwanukanta da irin soso ƙulle a bakin zane. Matan gidan malamai sun yi dariya har da riƙe ciki, wai ga amarya ta zo da gadon gidansu. Ita kuwa ta tona gindin katanga ta zuba irin, kafin shekara ta zagayo waɗanda suka yi dariyar su ne masu aiko a sam musu.

Aikin soso ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so, kuma haƙurin Kande duk a kan soso ya ƙare, mutane ba su samu ko kaɗan ba. Sai ɗan ya bushe a jikin uwarsa, ɓawon ya yi ruwan ƙasa, ta girgiza ta ji iri na motsi a ciki, sannan ta tsinke. Ta ɓare, ta zazzage irin, ta jiƙa, ta bubbuga a kan turmi har yauƙin ya fita, ta shanya a igiya. Na jarirai da na tsofaffi daban ne. Shi tun da sauran ɗanyantaka take cire shi, kafin zarensa ya yi tauri, ta tafasa shi har ya yi laushi kamar auduga.

Ba ta miƙa soso ba tare da huɗuba ba. Soso ɗaya na mutum ɗaya ne, ko miji da mata kowa da nasa. In an gama wanka a ɗauraye shi, a matse, a rataya inda rana take, ba a bar shi a banɗaki yana tsuma ba. In ya fara baƙi ko wari a jefar, bai kamata ma ya wuce wata guda ba. Ta taɓa shiga barka wani gida, ta ga soso a jiƙe cikin baho, ta ɗauka ta wurga kan bola a gaban baƙi, sannan ta dawo ta zauna ta ce ina kwananku. Mutane na cewa bakinta ya fi sosonta kaushi, kuma ba ƙarya suka yi mata ba. Duk da haka in an haihu ita ake kira. Shekara arba'in tana wankan jarirai a unguwar, har tana bugun ƙirji cewa duk wanda ya girma a nan, ko ya zama Alhaji, ta san gadon bayansa.

Baya ɗaya ne ba ta sani ba, na Tayyiba, 'yarta ta fari.

Kande ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, ta ma ƙara da nata. Tun ranar da ta haihu, uwar mijinta, wadda kowa ke kira Iya, ita ta ɗauki jaririyar, ita ta yi mata wanka, ita ta goya ta. Kande nono kawai take ba ta, shi ma kanta a juye. Da aka yaye yarinyar sai ta koma ɗakin Iya gaba ɗaya, ta tashi tana kiran uwarta Yaya. Kande ba ta taɓa faɗin sunanta ba. Tana ƙarama “waccan” ce, da ta yi aure a Gyallesu ta koma “ta Gyallesu”. Ba ƙi ba ne, Allah ya sani. Ranar da Tayyiba ta samu aikin koyarwa, Kande ta shige ɗaki ta yi kukan murna, ta fito ta ce hayaƙi ne. Yabon da ake mata a kan wannan kara kuwa yana yi mata daɗi, ba ta ɓoyewa.

Tayyiba na da shekara arba'in da takwas hawan jini ya kayar da ita a gaban allo. Ta yi mako biyu a asibiti, aka dawo da ita gidan mijinta ɓarin dama a shanye, harshe ya yi nauyi. 'Ya'yanta duk maza ne, suna can wajen aiki da karatu. Mijinta Malam Ashiru ma'aikacin gwamnati ne, mutumin kirki, amma ko shayi bai iya haɗawa ba. Wanka sai ya faɗa kan Mairo, ƙanwar Tayyiba, wadda ke aure a Tukur-Tukur da yara biyar. Sau biyu a mako take samun zuwa, wani makon ma sau ɗaya.

Kande takan je dubiya ranar Juma'a. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ta tambayi labule ya mai jiki, ta ajiye kunun da ta kawo, ta juya. Gidan suruki ne, ko ruwa ba ta sha. A hanya cikin keke napep take share hawayenta, kafin ta iso Ƙofar Gayan fuska ta bushe.

A Juma'a ta huɗu ta tarar da wata maƙwabciyarsu mai suna Sa'ida, ma'aikaciyar jinya, tana fitowa daga ɗakin fuska ba walwala. Sa'ida ba ta san zancen kara ba, ta dai ga tsohuwa ta ce ko ita ce mahaifiyar. Malam Ashiru ne ya amsa mata. Nan Sa'ida ta zayyana musu abin da ta gani. Kwanciya wuri ɗaya ta sa fatar ƙugu ta fara buɗewa, ga bayan duk ya yi ƙuraje da kuje-kuje. Ita za ta riƙa zuwa tana wanke ciwon tana rufewa, amma sauran jikin dole a wanke shi kullum, a tsane shi sarai, a shafa mai, a riƙa juya ta. In ba haka ba ciwon zai ci ciki, kuma ta ga waɗanda irinsa ya yi ajalinsu alhali cutar da ta kwantar da su ba ta kashe su ba.

Kande ta ajiye kunun da ta kawo. Ta zagaya banɗaki kamar mai neman buta. A can ta ga abin da take zargi: soson buhu, irin wanda ake yankowa daga buhun shinkafa, kwance cikin sauran ruwa a bokiti tun zuwan Mairo na Talata. Ta ɗago shi ta sansana. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta buɗe baki za ta fara sababi, sai ta rasa wanda za ta yi wa. Mairo ta yi iya ƙoƙarinta. Wadda ta san yadda ake yi, ita ce ke tsayawa a bakin ƙofa tana gaida labule.

Da ta koma gida ta faɗa wa ƙawarta Delu, tsohuwar da suke zaman tsakar gida tare tun suna amare. Delu ta ce a nemo wata a dangi, ko a sa Mairo ta tare a can. Ta tuna mata cewa duk unguwa da ita ake misali, yanzu da furfura za ta je ta tuɓe 'yar fari, a gidan suruki kuma? Me za a ce?

“A ce abin da za a ce,” in ji Kande. “Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Washegari da hantsi ta bi katanga tana latsa 'ya'yan soso ɗaya bayan ɗaya, har ta samu biyu da ba su gama ƙosawa ba. Ta ɓare, ta wanke, ta tafasa, ta gwada a cikin hannunta inda fata ta fi taushi. Bai yi mata ba, ta sake tafasawa. Ta shanya su suka sha rana. Ranar Lahadi ta ƙulle su da sabulu marar ƙamshi da man kaɗe da zannuwanta uku, ta rufe ɗakinta, ta bar wa Delu makulli da kashedin kada awaki su taɓa mata yaɗo.

Malam Ashiru na ganin ta da ƙullin kaya ya rasa inda zai sa kansa. Ya durƙusa yana gaisuwa, ita kuma ta gaida bango, ta ce a ɗora ruwa. Da ruwan ya yi ɗumi ta ɗauki bahon da kanta, ta ɗaga labulen nan ta shiga.

Tayyiba na kwance ta rame. Ta ga uwarta da soso a hannu, ta zaro ido, ta kai hannun hagu tana jan zane zuwa wuya. Ita ma kunyar ce, ai a ciki aka rene ta.

“Yaya, bari Mairo ta zo,” ta faɗa da ƙyar.

“Mairo na da aiki. Juya.”

Ba ta iya juyawa, Kande ta san haka. Ta sa hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ta mirgina ta a hankali, ta tokare ta da matashi. Ta shimfiɗa leda da tsohon zane. Ta jiƙa soson, ta goga sabulu kaɗan, ta fara daga wuya. Ba ta dirza ba, shafawa take tana zagayawa, ta kauce wa ƙurajen, ta yi nesa da inda Sa'ida ta rufe. Hannun ya san aikinsa, shi ya yi ta tafiya.

Tana saukowa ƙasan kafaɗar hagu ta tsaya. Wani tsohon tabo ne, faɗinsa ya kai tafin hannu, fatar ta tattare tana sheƙi.

“Wannan fa?”

Tayyiba ta daɗe tana haɗa maganar. “Ruwan zafi. Ina aji uku.” Ta numfasa. “Kin zo. Kika tsaya a ƙofar Iya, kika ce ya mai jiki.”

Kande ta tuna ranar sarai. Ta tuna ihun yarinyar, ta tuna yadda ta riƙe ƙyauren ɗakinta don kada ƙafa ta kai ta da gudu, da yadda aka yabe ta daga baya. Iya ta ce mata ƙuna ce 'yar kaɗan, ita kuma ba ta nemi gani ba. Kusan shekara arba'in 'yarta na yawo da wannan a bayanta, cikin gari ɗaya, ba ta sani ba. Ta ajiye soson, ta ɗora tafin hannunta a kan tabon, ta bar shi a nan har ruwan ya fara hucewa. Sannan ta ɗauraye, ta tsane kowane lungu na jikin da tawul, ta shafa man kaɗe, ta fita ta wanke soson ta rataya a igiyar tsakar gida.

Tun daga ranar ta tare a Gyallesu. Ta ci tuwon gidan suruki, ba ta mutu ba. Wanka kullum da hantsi, juyi kuwa ba ta jira a tuna mata. Soso biyu take musanyawa, ɗaya na aiki ɗaya na shan rana, duk Juma'a ta tafasa su, wata na cika ta aika Delu ta tsinko sababbi. Zance ya zagaya Ƙofar Gayan cewa Kande ta zubar da kara da tsufanta. Da aka kawo mata labari ta ce duk wadda ta faɗa ta je ta duba banɗakinta tukuna. Sunan dai har yau ba ta faɗa, “ke” ce, wani lokaci “ke ɗin nan”.

Ƙurajen suka mutu cikin mako biyu. Ciwon ƙugun ya fi taurin kai, sai da ya cinye wata biyu da kwanaki yana tsukewa kaɗan-kaɗan. Ranar da Sa'ida ta ɗaga audugar ta ga fata ta haɗe, ta ce alhamdu lillahi, an tsallake. Mairo na wurin. Ta dubi uwarsu, ta ga yadda ta zabge, bayanta ya ƙara ranƙwafawa, ta ce to yanzu Inna ta koma gida ta huta, ita ta koyi yadda ake yi, za ta riƙa zuwa kullum.

Kande ta rasa hujjar ƙi. Ciwo ya warke, abin da ya kawo ta ke nan. Ta ce to, ta yunƙura za ta tashi daga bakin gadon, sai ta ji an riƙe mata zane. Tayyiba ce, da hannunta mai lafiya, ta damƙe shi tamau. Ba ta kalli uwar ba, ƙanwarta ta kalla.

“Bar min ita, Mairo,” ta ce. “Ban daɗe da samunta ba.”

Kande ta juya fuskarta wajen bango. Sai ta ce da Mairo, tunda tana tsaye ba aikin fari ba na baƙi, ta je ta ɗora ruwa.