Jirgin Silifas

Dogon hutu ba hutu ba ne ga uwa, balle a Bukuru da damina. Ruwa ya tsuge da safe, ya ɗauke, ya sake tsugewa, yara sun cika ɗaki kamar an kulle awaki. Hayaniyar ba ta dame ni ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne ɗana, mai shekara tara lokacin, ya fara zancen kududdufi. Tsofaffin ramukan haƙar kuza ne da ruwa ya cika a bayan gari. Samansu luf, zurfinsu kuwa Allah kaɗai ya sani, kuma da wuya damina ta wuce ba a ji sun ci wani yaro ba. Abokansa suna zuwa a ɓoye. Ina kan keken ɗinki, ƙafata na takawa, kunnena na bakin ƙofa.

Sai na ce bari in kawo masa ruwan har gida. Na ɗauko tsohon silifas ɗin babansa na fere shi da reza, muka soka tsinken tsire a tsakiya, na ɗinka ƙyallen atamfa muka rataya don iska ta tura. Ni da ban taɓa shiga kwalekwale ba, wai ni ce gwanar ƙera jirgi! Na farko ya kife a baho. Na biyu muka soka masa ƙusa a ƙasa, ya zauna daram. Yaron ya yi ta tsalle, ni kuma na yi ta yabon kaina.

Ba a yi nisa ba baho ya yi masa kaɗan. Ya koma kwatar ƙofar gida, inda ruwan sama ke gudu ja wur. Ɗinkin mutane ya taru, ina leƙe ina zama, ina zama ina leƙe. Rannan ya shigo jiƙe sharkaf, ya ce, "Umma, jirgin nan fa ya fi ƙarfin kwata."

Na gane kududdufi yake nufi. Na guje wa gara na faɗa gidan zago, kuma da hannuna na sassaƙa masa dalilin zuwa. Na yi faɗa, na ɓoye jirgin a bayan buhun masara. Bai yi kuka ba, shiru kawai ya yi, irin shirun wanda ya riga ya san inda ake samun wani silifas.

Washegari na yafa gyale na ce, "Tashi mu je. In dai za ka ga kududdufin nan, a gabana za ka gan shi."

Na ɗaura wa jirgin sabon zaren keke. A bakin kududdufin ya ɗora shi kan ruwa, iska ta cika atamfar, ya tafi. Ban san zai yi kyau haka ba, kuma haushin kyan nasa na ji. Zaren yana warwarewa a hannuna har ya ƙare, jirgin ya tsaya yana fizga.

"Umma, saki mana."

Na saki. Muka bi shi da ido har ya zama ɗan ɗigo a tsakiyar ruwa.

Bai juyo ba ya ce, "Ba zaren nake nufi ba."

Sai a lokacin na ga ɗaya hannun nawa. Tun isowarmu yana damƙe da wuyan rigarsa, har yatsuna sun sandare. Na ji abin da ya ce sarai. Ban saki ba.